Kifayena Suna Lafiya, Amma Murjani Da Jatan Lande Suna Mutuwa: Ina Matsalar Take?

Tambaya: A Abuja nake zaune. Wata biyu ke nan da na haɗa ƙaramin tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 60. Kifaye biyun da na zuba, masu ruwan lemo da fararen ratsin nan, suna nan garau. Amma dodon koɗi shida da jatan lande ɗaya da na sayo duk sun mutu kafin kwana huɗu. Murjanin Zoanthus ya yi mako guda a rufe, na Euphyllia kuma namansa yana janyewa daga jikin ƙashinsa. Idan ruwa ya ragu, na burtsatse nake kwaɓawa da gishirin tanki in cika. Ma'aunin gishirina na roba mai allura yana nuna komai daidai. Da rana zafin ruwan kan kai digiri 30. Wane magani zan zuba?

Amsa: Ƙanena, kada ka zuba komai. Ka ajiye kuɗin maganin, akwai inda za su fi amfani. Ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da ya ɓata naka ka riga ka faɗe shi da bakinka a cikin tambayar, wato yadda kake cika tankin idan ya ragu.

Idan ruwan tanki ya ragu, ruwa ne kaɗai ya bi iska. Gishirin yana nan inda yake, ko ƙwaya ɗaya ba ta tashi ba. Saboda haka duk ranar da ka cike gurbin da ruwan gishiri, ƙarin gishiri ka yi a kan wanda ke ciki. Zo mu yi lissafi. Tankin lita 60, idan aka cire wurin da duwatsu da yashi suka cinye, ruwan da ke ciki bai wuce lita 50 ba. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. A ce lita ɗaya ke ƙafewa kullum, wanda ba abin mamaki ba ne a ɗaki mai fanka ko lokacin hunturu. Cikin mako biyu ka zuba lita 14, wato giram 490 na gishirin da ba a buƙata. Raba wannan ga lita 50, za ka ga ruwanka ya tashi daga 35 zuwa kusan 45. Bahar Maliya, wadda ta yi suna wajen gishiri, a wajen 40 take. Kai kuma wata biyu ka yi kana wannan ciko.

Za ka ce to me ya sa kifayen ba su nuna komai ba? Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, su ɗauki lafiyar kifi a matsayin shaidar lafiyar ruwa. Kifin teku yana da hanyar kare kansa. Gishirin jininsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ruwan da yake iyo a ciki. Yana shan ruwan teku, ya fitar da gishirin da ya yi masa yawa ta gaɓoɓin numfashinsa na gefen kai, ya riƙe jininsa a ma'auni ɗaya. Idan gishiri ya hau a hankali, sai ya ƙara himma kawai, ba ka gani a ido. Kuma irin naka, Amphiprion ocellaris, yana cikin mafiya juriya. Halittu marasa ƙashin baya ba su da wannan gata. Dodon koɗi, jatan lande, tauraron teku da murjani, ruwan jikinsu yana bin na waje ne sau da ƙafa. Jatan landen da ya baro ruwan shago mai gishiri 35 ko ƙasa da haka, aka sake shi cikin naka, ruwan jikinsa aka tsotse cikin mintuna. Ba ya mutuwa nan take, sai ya laɓe bayan dutse, kwana biyu ko uku ka tsinci gawarsa. Abin da ka gani ke nan.

Wannan ma'aunin roban mai allura, ka daina dogaro da shi. Ɗan kumfa ɗaya da ya maƙale wa allurar, ko gishirin da ya bushe a mahaɗarta, ya isa ya sa ta yi maka ƙarya. Ka nemi rifiraktomita, wanda ake ɗiga masa ruwa a leƙa ta cikinsa kamar madubin hangen nesa, ka saita shi da ruwan gwaji na musamman mai gishiri 35. Abin da kake nema shi ne 35, ko 1.026 a ɗaya layin ma'aunin da ke cikinsa. Idan ka auna ka tarar ya haura, kada tsoro ya sa ka sauke shi dare ɗaya, domin saukar gaggawa ma kisa ce. Kullum ka ɗebe kamar lita ɗaya da rabi, ka mayar da ruwa marar gishiri, ka sake aunawa washegari. Kada saukar ta wuce 0.001 a yini. Cikin kwana goma ko makamancin haka za ka iso inda ya kamata. Daga nan sai ka manna ɗan salatif a jikin gilashin daidai bakin ruwa, kullum safe ka cike zuwa layin da ruwa zalla. Akwai ƙaramar na'ura mai ido da ke yin wannan ciko da kanta. A ganina ƙaramin tanki ya fi buƙatarta fiye da fitila mai tsada.

Shi kansa ruwan burtsatsen akwai magana a kansa. Yana iya zama mai daɗin sha, amma yakan ɗauko naitiret da fosfet da silika da ɓurɓushin ƙarafa daga ƙasa da bututu, kuma su ma ba sa bin iska, taruwa suke yi kamar yadda gishirin ya taru. Ruwan leda ma ba ka da tabbacin abin da ke cikinsa. Masu wannan harka da ruwan da matatar RO/DI, mai cire abubuwan da suka narke a ruwa, ta tace suke aiki, wanda idan ka tsoma masa ɗan alƙalamin TDS, mai auna abin da ya narke a ruwa, zai nuna sifili ko kusa da haka. Ƙaramar matata ta ishe ka, domin lita 15 a mako ta wadatar da tanki irin naka, har da canjin ruwa.

Sai zafi. Domin ka gane haɗarinsa, sai ka san mene ne murjani. Yawancinmu jan dutsen wuyan iyayenmu mata muka sani da wannan suna. Shi wancan ƙashin wata dabba ce, Corallium rubrum, da ake cirowa daga Bahar Rum, tana zaune a wurare masu duhu tana kama abincinta daga ruwa. Waɗanda ke cikin tankinka 'yan uwanta ne, amma rayuwarsu daban. A cikin namansu akwai ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, ana kiransu zooxanthellae, suna sarrafa haske su mayar da shi abinci, su ba mai masaukinsu mafi yawan abin da yake rayuwa a kai. Zaman amana ne, amma zafi yana raba su. Idan ruwa ya haura abin da suka saba da digiri ɗaya kacal, ya daɗe a haka na makonni, sai murjanin ya kori baƙin nasa, ya yi fari fat, yunwa ta fara cinsa. Haka ya faru da babban tsaunin murjani na Ostareliya a 2016 da 2017, har a watan Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka mai kula da teku da yanayi ta sanar cewa duniya ta shiga karo na huɗu na irin wannan farin murjani a tekuna gaba ɗaya. Abin da ya gagari teku, ruwan lita 50 ba zai iya ɗauka ba.

Ka yi ƙoƙari ruwanka ya zauna tsakanin digiri 25 da 27, kuma bambancin dare da rana kada ya wuce digiri ɗaya. Cire murfin gilashin ka sa raga, don kifi kada ya yi tsalle waje. Ka ɗaura 'yar fanka tana hura saman ruwan. A busasshiyar iska tana iya sauke digiri biyu, sai dai ruwa zai ƙara ƙafewa, ciko zai ƙaru. Ka mayar da lokacin kunna fitila zuwa yamma da dare, lokacin da ɗaki ya huce, murjani bai san agogo ba matuƙar yana samun awa takwas zuwa tara a jere kullum. Gorar ruwa mai ƙanƙara da ake jefawa ciki ta ranar gaggawa ce kawai. Idan ɗakin ba shi da na'urar sanyaya iska, ni dai shawarata ka sayi ƙaramin injin sanyaya ruwan tanki kafin bazara, kafin ka sake sayen ko da murjani ɗaya.

Ba ka ambaci ɗaukewar wuta ba, amma na san tana nan. Murjani zai iya kwana biyu ko uku babu fitila bai damu ba. Abin da ba zai jure ba shi ne ruwa ya tsaya cik. Ruwan gishiri dama bai kai na daɗi riƙe oksijin ba, mai ɗumi kuma ya fi ƙaranci, ga kifi da bakteriya suna shaƙa. Cikin 'yan awoyi sai numfashi ya gagara. Famfon da ke juya ruwan ƙaramin tanki wutar da yake ci ba ta kai ta ƙwan fitila ba, don haka shi za ka fara ɗorawa a kan inbata ko sola. Ka kuma ajiye injin kumfa mai batir a kusa. Idan duk sun ƙare, ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana tsiyayo shi daga sama lokaci zuwa lokaci.

Akwai guba biyu da nake so ka bincika kafin ka ce gishiri da zafi ne kaɗai. Ta farko jan ƙarfe. Yawancin magungunan fararen ɗigon da ke fito wa kifin teku da shi ake haɗa su, kuma adadin da ke warkar da kifi shi ne ke kashe dodon koɗi da jatan lande. Dutse da yashi suna shanye shi, su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har watanni. Idan ka taɓa zuba irin wannan magani a tankin, ko na hannu ka saya ba ka san tarihin duwatsunsa ba, ka gwada ruwan. Akwai wani soso mai suna Poly-Filter da ke komawa shuɗi idan ya kama jan ƙarfe. Idan ta tabbata, dutsen da yashin sun tashi daga aiki. Kan famfo na tagulla ko tsabar kuɗin da yaro ya jefa ciki ma suna yin wannan ɓarna.

Ta biyu ita ce wadda ta taɓa cina, kuma har yau ina jin ciwonta. Na yi tafiyar kwana biyu, aka yi feshin maganin sauro a falon da tankina yake, aka rufe ƙofa da tagogi kamar yadda aka saba. Da na dawo, jatan landen da na yi shekara biyu ina kiwo da duk ƙaguwoyina suna kwance a kan yashi, kifaye kuwa suna yawonsu. Jatan lande da ƙaguwa dangin ƙwari ne na kusa, abin da aka haɗa don ya kashe sauro ba ya bambance su. Feshi, igiyar leko, fiya-fiya, duk kada su shiga ɗakin. Turaren wuta ma a yi shi nesa. Kuma kafin ka tsoma hannu a ruwa ka ɗauraye shi sosai da ruwa zalla, saboda man shafawa da turare da sabulu. Ka zaunar da mutanen gida ka yi musu wannan bayani, domin tanki a gidan iyali ba na mutum ɗaya ba ne.

Game da murjanan da ke hannunka yanzu, Zoanthus yana da taurin rai. Yana iya yin makonni a rufe ya dawo, muddin namansa bai narke ba. Ka bar shi inda yake, ka riƙa hura masa ruwa a hankali da sirinji marar allura don datti kada ya kwanta masa. Euphyllia ce ke ba ni tsoro. Ka sauko da ita ƙasa inda haske bai yi ƙarfi ba, inda ruwa zai riƙa kaɗa yatsunta kamar iska na kaɗa ciyawa, ba ya dukanta kai tsaye, domin ƙashinta yana da kaifi, ruwa mai ƙarfi kan sa ya yanki namanta. Idan ka ga wani abu ruwan ƙasa mai yauƙi ya rufe kai ɗaya, kada ka jira gari ya waye: kashe famfo, zuƙe shi da tiyo, fito da murjanin, ka karye wannan reshen ka yar. Cikin kwana ɗaya yake cinye kai, ya tsallaka na kusa.

Tunda ka riƙe Zoanthus, dole in ja kunnenka. Shi da ɗan'uwansa Palythoa wasunsu suna ɗauke da guba mai suna falitoksin, wadda masana a Hawaii suka fara tacewa a 1971, kuma tana cikin mafiya ƙarfin gubar da aka sani a halitta. Ba a gane mai ita da marar ita da ido. Hukumar CDC ta Amurka mai yaƙi da cututtuka ta ba da rahoton mutane a Alaska da suka kwanta ciwo tsakanin 2012 da 2014 bayan sun shaƙe ta a gida da shagon kifi. Safar hannu da tabarau duk lokacin da za ka taɓa shi. Kada ka tafasa dutsen da ya taɓa zama a kai, kada ka zuba masa ruwan zafi, kada ka kankare shi a busasshe, kada ka ja tiyo da baki. Idan bayan aiki a tanki ka ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko zazzaɓi da sarƙewar numfashi, ka tafi asibiti nan take ka faɗa wa likita sunan gubar. Yara kuma hannunsu kada ya shiga ruwan.

Sauran ma'aunai ba su da wuya a tanki irin naka. Amoniya da naitirait (daban yake da naitiret) su zama sifili, kuma ka gwada su yau, domin gawar dodon koɗi shida ba ƙaramin ruɓa ba ce a lita 50. Alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami, tsakanin 8 da 9 a ma'aunin dKH, kalsiyam 400 zuwa 450, magnesiyam wajen 1300. Naitiret kaɗan, kamar 5 zuwa 10, da ɗan fosfet, ba laifi ba ne. Ruwan da aka tsaftace har ya zama babu komai yunwa yake sa wa murjani. Da murjani biyu ko uku, canjin lita biyar zuwa bakwai kowane mako ya isa ya mayar da duk abin da suka ci. Ka kwaɓa sabon ruwan tun jajibiri, gishirinsa da zafinsa su yi daidai da na tanki. Kwalaben ƙarin sinadarai da ake tallatawa ka bar su a kanta. Abin da ba ka da na'urar auna shi, kada ka zuba shi. Alkaliniti da ya zauna a 7.5 wata da watanni ya fi wanda yau yake 8, jibi 10.

Idan ruwa ya yi wata guda cur a zaune, gishiri 35, zafi bai haura 27 ba, sai ka fara sayen dabbobi, kaɗan-kaɗan. Shida a tashi ɗaya sun yi yawa ga sabon tanki, ko da ruwan lafiya yake, gansakukar da za su ci ba za ta ishe su ba. Fara da dodon koɗi irin Trochus guda biyu, domin idan ya faɗo ta baya yana iya juya kansa, saɓanin Astraea da sai ka ɗaga shi ko ya mutu a haka. Nassarius biyu, su ma dodon koɗi ne, za su shige yashi su riƙa fitowa cin ragowar abinci. Ƙaguwar nan mai shiga kwanson katantanwa tana da ban sha'awa, amma takan kashe dodon koɗi don ta gaje gidansa. In za ka ajiye ta, ɗaya ta isa, ka watsa mata kwansuna na girma dabam-dabam. Jatan lande mai goge jikin kifi, Lysmata amboinensis, shi ne na ƙarshe. Kowannensu ka juye shi da ruwan ledarsa a 'yar roba, ka jawo siririn tiyo daga tanki, ka ƙulle shi yana ɗiga biyu ko uku a daƙiƙa, har ruwan ya ninka sau uku, kimanin awa ɗaya. Sannan ka ɗauki dabbar kaɗai ka sa, ruwan shagon ka zubar. Murjani kuma ana tsoma shi a ruwan kashe ƙwari na musamman kafin ya shiga, amma wannan wanka ba na jatan lande ko dodon koɗi ba ne.

Akwai waɗanda komai kyansu ka bar wa mai shago abinsa. Shuɗin tauraron teku, Linckia, a ƙaramin tanki yunwa ke kashe shi sannu a hankali. Anemoni, ɗan'uwan murjani wanda kifayenka ke kwanciya a cikinsa a teku, yana yawo, yana harbin murjani, wata rana famfo ya niƙe shi ya ɓata ruwa duka; kifayen ba sa buƙatarsa don su rayu. Murjanin Dendronephthya mai launin furanni ba ya cin haske, kusan kowa a hannunsa yake mutuwa. Murjanin Acropora kuwa, wanda sai a shekarun 1980 Dietrich Stüber ya yi suna a Berlin saboda ya iya raya shi a tanki, ba na shekarar farko ba ne. Abin da zai faranta maka rai ba tare da ya karya maka zuciya ba shi ne murjani irin su Discosoma mai kamar laimar kwaɗi, da Duncanopsammia, da Caulastraea. Ka bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin Euphyllia da maƙwabtanta, don da dare takan miƙa dogayen yatsu masu harbi. Kuma ka tambayi mai sayarwa dashe, wato yankin da aka raina a tanki ko gonar teku. Gaɓar tekunmu ta Yammacin Afirka ba ta da tsaunukan murjani, duk abin da ka gani a shago jirgi ya hau daga nesa, masu ƙashi kuma suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Wanda ya saba da zaman gilashi ya fi jure kuskuren mai koyo, kuma ba a fasa masa dutse a teku ba.

Wata safiya, bayan sabon jatan landenka ya yi 'yan makonni, za ka tarar da shi kwance a kan yashi, fari-fari, babu motsi. Kafin gabanka ya faɗi, ka duba da kyau: idan fanko ne mai tsaga a baya, saɓa ya yi, girma yake yi. Shi yana can bayan dutse sabon jikinsa da taushi. Ka bar shi ya yi kwana ɗaya ko biyu a maɓoyarsa, kada ka ɗaga duwatsu nemansa.